Karel Gott: murya ce ta riƙe shi shekara sittin, ko gwamnati?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bin waƙoƙin Turai ta Gabas. Wane ne Karel Gott, har da ya mutu a 2019 ƙasar Cek ta ware masa ranar makoki? Mawaƙi ne fa, ba shugaban ƙasa ba.

Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam, Hajiya. An haife shi ranar 14 ga Yuli 1939 a garin Plzeň, iyayensa suka koma Prague yana ɗan shekara shida. Zane ya so yi tun farko, ya faɗi jarrabawar shiga makarantar zane, sai ya koyi aikin lantarki a masana'antar ČKD. Da rana yana haɗa wayoyi, da dare yana waƙa a gidajen shan kofi, musamman wani da ake kira Vltava, wajen 1958. A 1960 ya ajiye aikin ya shiga makarantar koyon kiɗa da waƙa ta Prague, ɓangaren waƙar opera, a hannun wani malami ɗan asalin Rasha mai suna Konstantin Karenin. A 1963 gidan wasan Semafor na Jiří Suchý da Jiří Šlitr ya ɗauke shi, kuma da wata waƙarsu ya ci kyautar Zlatý slavík ta wannan shekarar, wadda ake ba mawaƙin da jama'a suka fi jefa wa ƙuri'a. Daga nan har 2017 ya karɓi kyautar sau 42. Ya rasu 1 ga Oktoba 2019 yana da shekara 80. Wato kaka da uwa da jika duk da muryarsa suka tashi. Dalilin makokin ke nan.

Na Gangare:
Baba, a gafarce ni, amma sau 42 a Cekosulobakiya, ƙasar da jam'iyyar kwaminisanci ɗaya ke mulki, ai ba abin mamaki ba ne. Wanda gwamnati ta so shi za a sa a rediyo, wanda ake ji a rediyo shi za a zaɓa. An rufe bakin abokan takararsa, shi kuma an buɗe masa ƙofa. Ina gwanintar take?

Malamar Tarihi:
Malam Na Gangare, rabin maganarka gaskiya ce, amma lissafin bai goyi bayan ɗaya rabin ba. Mujallar matasa ta Mladý svět ce ta ƙirƙiro zaɓen a 1962, masu karatu ne ke aika ƙuri'a ta gidan waya. Waldemar Matuška ne ya ci na farko. Aka yi ta yi har 1991, aka dakata, sannan a 1996 aka dawo da shi da sunan Český slavík. Cikin 42 ɗin nan, 22 ne na tsohon zaɓen, 20 na sabon. To mulkin kwaminisanci ya faɗi tun ƙarshen 1989. Daga 1996 zuwa 2017 sau biyu kacal aka kayar da shi: Daniel Hůlka a 1998, sai Tomáš Klus a 2012. A lokacin ba mai hana kowa jin waƙoƙin Amurka da Ingila, ga gidajen rediyo masu zaman kansu sun cika gari. Har ta zama abin barkwanci a ƙasar, duk shekara ya hau dandali ya ce bana kam bai yi zaton zai ci ba.

Inda nake tare da kai shi ne batun share masa fage a shekarun 1970. Zan dawo kansa.

Ɗan Sitidiyo:
Kafin a shiga siyasa bari in faɗi abin da ya sa muryar ta daɗe, don mutane na ɗauka baiwa ce kawai. Muryarsa irin ta maza ce mai hawa sama, wadda masu opera ke kira tena. Irin wannan murya tana da wani gurbi mai haɗari, inda sauti ke barin ƙirji ya koma kai. Wanda bai samu horo ba, idan ya iso nan sai ya matse maƙogwaro ya tura da ƙarfi. Zai yi shekara biyar ko goma yana burge mutane, daga nan tantanin murya ya fara kumburi, ƙulli ya fito a kansa, murya ta dushe, sai tiyata ko ritaya.

Abin da ake koyarwa a makarantar opera shi ne: numfashi ya sauka ƙasa, haƙarƙari ya buɗe ta gefe, kafaɗa kada ta motsa. A riƙe iskar da tsokar ciki ana sakinta kaɗan-kaɗan, maƙogwaro a sake, a ɗan rufe wasalin idan an kusa gurbin nan don sautin ya haye ba karyewa. Sannan ɗumama murya kafin hawa dandali, a fara daga tsakiya, a hau a hankali. Gott ya ɗauki wannan horon ya kai shi waƙar zamani. Ku kalli bidiyonsa na dandali, ku lura da hannunsa. Idan zai hau sama sai ya janye makirfo daga baki, idan ya sauko ya matso da shi. Ba ado ba ne, gudun kada sauti ya fashe a lasifika ne.

Uwar Biyu:
To shi yake rubuta waƙoƙinsa?

Mai Garmaho:
Akasari a'a, Hajiya, kuma nan ne sirrin yake. Ƙungiya gare shi. A 1965 ya bar Semafor ya kafa gidan wasa na Apollo tare da wasu 'yan'uwa biyu: Jiří Štaidl mai rubuta baiti, da Ladislav Štaidl mai tsara kiɗa da jagorantar makaɗa. Sai Karel Svoboda, wanda ya tsara amon Lady Carneval, waƙar da Gott ya kai gasar Rio de Janeiro a 1968. Jiří Štaidl ya mutu a haɗarin mota a 1973, wasu marubuta irin su Zdeněk Borovec suka ci gaba da ba shi baitoci.

Wani babban kaso na waƙoƙinsa kuma na aro ne daga Yamma. Faifan Ingila da Amurka da Italiya ba sa samuwa a kantunan ƙasar sai nadiran, don sayo su na bukatar kuɗin waje, gwamnati kuma tana tattalin kuɗin waje kamar ranta. Sai ya zama mutane sun fi sanin waƙar da muryar Gott fiye da ta mai ita.

Ɗan Sitidiyo:
Bari in ɗora a kan ta Baba, don aron nan aiki ne mai matakai. Da farko a samo faifan. Mai tsara kiɗa ya zauna ya rubuta abin da kowane kayan kiɗa zai buga, ya ɗaga ko ya sauke waƙar ta dace da inda muryar mawaƙin ta fi haske. Sai mai baiti ya karɓa. Nan ake shan wuya. A harshen Cek nauyin kalma kullum a gaɓar farko yake, sannan suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi a Hausa. Idan amon ya ja sauti a inda kalma ke da gajeren wasali, ko bugu ya faɗo a gaɓa ta biyu, ɗan ƙasa zai ji kamar baƙo ne ke magana. Ga kuma baƙaƙe da ke cunkushewa uku huɗu a jere, ba inda mawaƙi zai buɗe baki ya ja. Shi ya sa marubutan ba sa fassara. Sabon zance suke ɗorawa a kan tsohon amo, suna neman kalma mai buɗaɗɗen wasali a daidai inda murya za ta hau.

Misali Delilah ta Tom Jones, labarin mutumin da ya kashe masoyiyarsa saboda kishi ne. A bakin Gott ta zama Čas růží, zancen furanni da soyayya, ba wuƙa ba jini. Bayan an gama baiti sai ya bi ta hannun masu tantancewa na rediyo ko na kamfanin faifai, kuma layi ɗaya da za a iya yi wa fassarar siyasa ya isa a dawo da takarda. In ta tsallake, a ɗauka da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, kamfanin gwamnati na Supraphon ya fitar, a buga faifan a masana'antar Loděnice. Ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti yana ɗaukar waƙa ɗaya kowane gefe, babba mai juyi 33 yana ɗaukar wajen minti ashirin kowane gefe. Masana'antar nan har yau tana aiki, tana cikin manyan masu buga faifai a duniya.

Na Gangare:
Kun ga ni? Kun faɗi da bakinku. Ya kwashi waƙar mutane, an hana jama'a jin ta asali, shi ya zama tauraro. Ni a wurina makaɗin fada ne kawai, sarki ya ba shi riga da doki, shi kuma ya yi abin da ake so.

Malamar Tarihi:
Kwatancen bai zauna daidai ba, Malam. Makaɗin fada sunan ubangidansa yake ambata a fili, ya jero kakanninsa, ya zambaci abokan hamayyarsa, kowa ya san aikinsa ke nan. Gott ba da yabon shugabanni ya yi suna ba, kusan duk waƙoƙinsa na soyayya ne da kewa. Amfanin da gwamnati ta ci da shi ya fi haka dabara. Bayan sojojin ƙawancen Warsaw, wato Tarayyar Soviet da ƙawayenta, sun shiga ƙasar ranar 21 ga Agusta 1968, Gustáv Husák ya karɓi jam'iyya a Afrilun 1969, aka shiga abin da suka kira "daidaita al'amura". An kori dubban mutane daga aiki. Marta Kubišová, wadda ita ma ta ci Zlatý slavík, an haramta mata waƙa daga 1970, ta yi kusan shekara ashirin ba ta hau dandali ba. Karel Kryl ya fice a 1969 ya koma aiki da gidan rediyon Free Europe a Munich. A irin wannan yanayi, abin da gwamnati ke bukata shi ne a kunna talabijin daren sabuwar shekara a ga mutum cikin kwat mai kyau yana murmushi yana waƙa, kamar ba abin da ya faru. Wannan hidimar ya yi musu, kuma ba ƙarama ba ce.

Na biyu kuɗi. Mawaƙi ba ya ƙulla yarjejeniya da ƙasar waje da kansa, sai ta hannun hukumar gwamnati mai suna Pragokoncert. Ita ke sa hannu, ita ke karɓar kuɗin waje ta cire kasonta, sannan wani ɓangare na ladan ya zo wa mawaƙi a matsayin takardun sayayya na kantunan Tuzex, inda ake sayar da kayan Yamma. Ita kuma ke da ikon cewa wane zai fita, wane ba zai fita ba. Duk kuɗin Jamus da Gott ya samo, baitulmali na da rabo a ciki.

Uwar Biyu:
Malama, Jamus kuma? Ba Jamus ta Yamma ce abokiyar gabarsu ba?

Mai Garmaho:
Ita ce, Hajiya, kuma nan ne hujjar Malam Na Gangare ke rauni. Husák ba shi da iko a kan Bajamushen Hamburg, amma sun sayi faifansa da kuɗinsu. A 1967 ya sa hannu da kamfanin Polydor, a shekarar kuma ya yi kusan rabin shekara yana waƙa a otal ɗin New Frontier na Las Vegas. Can ya ga yadda ake tafiyar da dandali: jeranta waƙoƙi, hira da 'yan kallo tsakanin waƙa da waƙa, yin abu ɗaya kowane dare ba tare da ya gundure ka a fuska ba. Jamusawa suka laƙaba masa "muryar zinariya daga Prague". Yana Jamusanci da karin harshensa na Cek, kuma bai goge shi ba, don abin da suke so ke nan.

A 1968 ya shiga gasar Eurovision a Landan, amma da tutar Ostiriya, saboda ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar gidajen talabijin na Yamma da ke shirya gasar. Udo Jürgens ne ya tsara masa waƙar, Tausend Fenster. Maki biyu ya samu, ya zo na 13 cikin 17, Sifaniya ta ci da maki 29. Faɗuwa ce, ba wata kwana-kwana. Abin da ya dasa shi a gidajen Jamusawa ya zo daga baya, ta inda ba a zata ba: waƙar buɗe wani zanen yara na wata ƙudar zuma mai suna Maja, wanda tashar ZDF ta fara nunawa a 1976, amon kuma na Svoboda ne. Yaran da suka ji ta sun girma da ita, shi ya sa a 2008 mawaƙin gambara Bushido ya nemi su yi waƙa tare, aka kuma saye ta.

Na Gangare:
Na ji. To tunda yana da kasuwa a can, me ya hana shi zama? Ya bar su da zaluncinsu kamar yadda Kryl ya yi.

Malamar Tarihi:
Ya gwada. A 1971 ya tafi wasa Jamus ta Yamma shi da 'yan'uwan Štaidl, suka ƙi dawowa a kan lokaci. A dokar lokacin, wanda ya zauna waje ba izini ya yi laifi, ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, a ƙwace dukiyarsa, a cire muryarsa daga rediyo, danginsa su shiga uku. Matuška ma da ya zauna Amurka a 1986, sai aka share shi daga shirye-shirye. Amma Gott, Husák da kansa ya ba da tabbacin ba za a taɓa shi ba, bayan 'yan watanni ya dawo. Tun daga ranar kowane ɓangare ya san abin da yake riƙe da shi: shi ya san suna bukatarsa, su sun san ba ya son rabuwa da masu sauraronsa na gida.

Bashin ya zo biya a 1977. A farkon Janairu aka fitar da takardar Charta 77, mutum 242 suka fara sa hannu, masu magana da yawunta Václav Havel da Jan Patočka da Jiří Hájek. Abin da ta nema shi ne gwamnati ta mutunta yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan'adam da ita kanta ta amince da su, kuma shari'ar da aka yi wa makaɗan ƙungiyar Plastic People of the Universe a 1976 na cikin abin da ya tunzura su. Gwamnati ba ta buga takardar jama'a su karanta ba. Sai ta tara 'yan wasa da marubuta a babban gidan wasan ƙasa ranar 28 ga Janairu su yi tir da ita, ranar 4 ga Fabrairu kuma aka tara mawaƙa a gidan wasan Divadlo hudby. Fiye da mutum dubu bakwai suka sa hannu a takardar martanin. Gott bai tsaya a sa hannu ba, ya tashi ya yi jawabi, aka nuna a talabijin. A watan Maris Patočka ya mutu bayan doguwar tuhumar 'yan sandan ciki. A 1985 aka ba Gott lambar "mawaƙin ƙasa". Ni dai a ganina wannan jawabin tabo ne da ba ya wankuwa, kuma yawan waɗanda suka sa hannu ba ya rage nauyin na wanda muryarsa ta fi ta kowa kai wa nesa.

Na Gangare:
Yawwa Malama, yanzu kika zo inda nake.

Malamar Tarihi:
Ban gama ba, Malam. Ranar 4 ga Disamba 1989, ana tsakiyar juyin da ya kifar da gwamnatin, an fito da mutum biyu a barandar ginin Melantrich da ke dandalin Wenceslas su rera taken ƙasa: Karel Kryl da ya dawo daga gudun hijira, da Karel Gott. Masu shirya taron 'yan adawa ne, sun san abin da ya yi a 1977 sarai. Sun kuma san cewa ma'aikacin masana'anta da tsohuwa a ƙauye, idan suka ga Gott a barandar, za su gane lamarin ya wuce na ɗalibai da marubuta. Kowane ɓangare da ya zo ya nemi aron farin jininsa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a riƙa sassautawa. An ce mawaƙi ne kuma ɗan fim, ba wanda ya taɓa ɓangaren fim ɗin.

Mai Garmaho:
Ranka ya daɗe, ɓangaren ne ba shi da kauri. Ya fito a fim ɗin waƙe-waƙe na Kdyby tisíc klarinetů a tsakiyar shekarun 1960 tare da taurarin Semafor. A 1974 ya fito a matsayin babban tauraro a Hvězda padá vzhůru, fim ɗin da aka gina don a ji waƙoƙinsa, labarin kuma ya zo a baya. A 1999 ya fito a matsayin sarkin shaiɗanu a fim ɗin tatsuniya na Zdeněk Troška, Z pekla štěstí. Sau da yawa kuma da sunansa yake fitowa, ya yi minti biyu ya wuce. In za a faɗi gaskiya, fim ɗin da ya fi daɗewa da shi ma fuskarsa ba ta ciki: tatsuniyar Popelka (wato Cinderella) ta 1973, wadda ake maimaitawa kowace Kirsimeti, muryarsa kawai ake ji a kwafin harshen Cek. Kamara ba ta ba shi abin da dandali ke ba shi ba, don ya saba wasa da mutanen da ke gabansa suna mayar masa. Zanen da ya faɗi jarrabawarsa kuwa bai bari ba, har nune-nunen zanensa aka yi daga baya.

Ɗan Sitidiyo:
Mai son ya ji abin da na faɗa kan horo, ya saurari Lady Carneval ta ƙarshen shekarun 1960, sannan ya saurari Srdce nehasnou ta 2019, wadda Richard Krajčo ya rubuta masa ya rera da 'yarsa Charlotte watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Tsakaninsu shekara hamsin, ga ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki da aka gano masa a 2015. Ƙarfin ya ragu, ba ya hawa inda yake hawa da. Amma ku saurari inda yake yanke numfashi da yadda kowace gaɓa ke fita tsaf. Tsoho mara horo a nan yake tonuwa, ƙarshen layi ya riƙa zubewa ko sautin ya riƙa rawa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ashe dai jana'izar ƙasa aka yi masa.

Malamar Tarihi:
Da ɗan gyara, Hajiya. Firaministan lokacin, Andrej Babiš, ya fara ba da shawarar cikakkiyar jana'izar ƙasa, irin wadda aka yi wa Havel, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, a 2011, sai aka yi ca, wasu na tuna 1977. Matarsa Ivana, wadda ya aura a Las Vegas a 2008, ta zaɓi mataki na ƙasa da haka, wato jana'iza da karramawar hukuma. Cutar sankarar jini ce ta yi ajalinsa a gidansa da ke unguwar Smíchov. Ranar 11 ga Oktoba aka ajiye akwatin a fadar Žofín, mutum wajen dubu 49 suka bi layi, wasu daga Jamus da Sulobakiya. Washegari, 12 ga wata, ita ce ranar makokin, aka yi addu'a a babbar majami'ar St. Vitus ƙarƙashin Kadinal Dominik Duka, da katin gayyata kawai ake shiga. Kabarinsa na maƙabartar Malvazinky a Prague.

Na Gangare:
To ko a nan ma ba su daidaita a kansa ba ke nan. Ni dai ina nan a kan bakana game da 1977, amma zan nemi waƙoƙin nan biyu da ƙanena Ɗan Sitidiyo ya ambata in ji da kunnena.